Tukunyar da ba a wankewa

Kafin a kira assalatu mai kisra ta buɗe tukunyarta. Hanci take fara sa wa, sannan yatsa. Idan kullun dawar ya taso, ya yi ƙananan idanu a sama, tsaminsa ya tsaya inda take so, sai ta hura wuta. In kuwa sanyin dare ya riƙe shi, ta matsar da tukunyar kusa da murhu ta jira. A ƙauyukan Hausawan Sudan na Jazira da bakin Kogin Nilu Shuɗi, daga Makwar har Mai Wurno, gidaje da yawa da wannan tukunya suke cin abinci, suke kuma biyan kuɗin makarantar yara.

Kakanninmu da tuwo da fura suka zo. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu hanyar Makka ta ajiye su, suka tsaya cirar auduga bayan an gama madatsar Makwar a 1925. A nan matansu suka tarar da kisra. Hannun da ya saba da kullun koko da na waina bai sha wuyar koyo ba.

Suyar ita ce abin kallo. Ta shafa ɗan maiƙo a kan faifan ƙarfe mai zafi, ta zuba ludayi guda, ta ja kullun da gargariba, wato ɗan yankin kaba, sau biyu ko uku. Kafin ka ƙifta ido ta ɗago shi, sirara kamar takarda. Amma gwanintar tun jiya aka yi ta. Larabawan ƙasar na kiran tukunyar kullun hammara, kuma ba a wanke ta ƙal. Kullum sai an bar ɗan saura a gindi, shi zai tayar da sabon gari. Wadda nata ya mutu takan aika yarinya maƙwabta a sammata.

Me ke cikin sauran nan? Cikin waɗanda suka ba da rayuwarsu ga wannan tambaya babu kamar Farfesa Hamid Ahmad Dirar na Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Khartum, da ke Shambat. Masanin ƙananan halittu ne. A lokacin da ake ganin bincike mai daraja sai kan burodi da cukun Turawa, shi ya tafi ya zauna gaban tsofaffin matan karkara yana tambaya, yana rubutawa, yana ɗaukar samfuri zuwa ɗakin gwaji. A 1993 littafinsa kan abincin Sudan da ake tsimawa ya fito a Ingila, da bayanin abinci fiye da 80. Abin da bincike ya nuna a kullun kisra shi ne bakteriya masu kawo tsami suna zaune tare da yis, wanda dangin fumfuna ne. Na farko suna hana ƙwayoyin cuta sakat, na biyu yana sa kullu ya taso ya yi ƙamshi. Mai kisra kiwonsu take yi, tana ba su gari da ruwa da ɗumi, kamar yadda ake kiwon awaki.

Aikinsa da ya fi taɓa ni shi ne na kawal. Tafasa ce fa, wannan da ke fitowa a bakin hanya da damina, wadda muke kwaɗo da ita. Matan Darfur suna daka ganyen ɗanye, su danna a tulu, su rufe da ganyen dawa, su binne cikin ƙasa kamar mako biyu, suna buɗewa bayan 'yan kwanaki su cuɗa. Sannan a dunƙula a shanya. Dirar ya wallafa bincikensa a kai a 1984, daidai lokacin da fari da yunwa suka afka wa yammacin ƙasar. Shi da abokan aikinsa sun gano bakteriyar Bacillus subtilis, irin wadda ke dafa mana daddawa, tare da fumfunar Rhizopus, suka kuma nuna cewa kawal na tsayawa a madadin nama a miyar talaka. Mutanen birni suna toshe hanci saboda warinsa, shi kuwa ya rubuta shi a matsayin ilimin da mata suka ƙirƙiro don 'ya'yansu su tsallake shekarar yunwa.

Haka furundu, da ake yi da 'ya'yan yakuwa. Bahaushiyar Maraɗi ko Katsina tana gani za ta ce ai daddawar batso ce.

Sana'ar kisra kuwa tana cin mai ita. Hayaƙi na cin ido, zama gaban wuta na cin gwiwa da baya, burodin gidan burodi kuma ya daɗe yana janye masu saye. Da yaƙi ya kai Wad Madani a Disamban 2023, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, garin alkama ya yi wuya, lantarki ya ɗauke, mutane suka koma wa dawa. A watan Sha'aban kuma, ko da yaya ake ciki, sai an jiƙa dawa ta yi tsiro, an niƙa, an tsima da kayan ƙamshi, mata sun taru kan faifai guda suna suyar hilu-mur na shan ruwa, yarinya ƙarama na gefe tana miƙa kara.