Mudun Masana Sinadarai

Duk wanda ya taɓa sayayya a Kasuwar Kwastam ta Maiduguri ya san ƙidaya iri-iri ce. Mai goro da ƙwarya yake lissafi, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Mai sabulu da dozin. Amma je ka wurin mai gero ka ce ya ƙirga maka ƙwaya dubu goma, ka ga irin kallon da zai yi maka. Mudu zai ɗauka ya cika, ya yi masa tozo, ya juye maka a leda.

Mudu kuwa ba ya faɗin adadi. Ƙwayoyin da ke cikin mudun gero sun ninka na mudun wake nesa ba kusa ba, ko da yake mudun ɗaya ne. Mai tuwo bai damu ba. Mai haɗa magani dole ya damu, domin sinadarai ƙwaya da ƙwaya suke haɗuwa, ba ruwansu da cikar kwano. Ga shi ƙwayoyin zarra ido ba ya ganinsu, balle a ƙirga.

Sai masana suka yi wa kansu ƙwarya, suka kira ta mol. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne, wato 6022 da sifiri 20 a bayansa. An sa wa lambar sunan Amedeo Avogadro, ɗan Italiyan da ya share fagen a 1811, alhali ba shi ya gano ta ba. Jean Perrin na Faransa ne ya raɗa mata sunan a 1909. Da mutanen duniya biliyan 8 za su zauna, kowa yana ƙirga ƙwaya ɗaya a daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai sun haura shekara miliyan 2 kafin su gama mol guda. Duk wannan tulin kuwa, in ƙwayoyin ruwa ne, giram 18 ne kacal, kurɓi ɗaya.

Dabarar ita ce a bar sikeli ya yi ƙidayar. Tunda an san nauyin kowace irin ƙwaya, an san nauyin mol ɗinta: gishiri giram 58.5, sukari giram 342. Saboda haka idan ka ce, "Alhaji, auno min kilon gishiri da kilon sukari," sikeli zai nuna nauyi ɗaya, amma gishirin mol 17 ne, sukarin bai cika 3 ba.

Lambar 46 da manomi ke gani a buhun takin yuriya ma daga nan ta fito: mol ɗin yuriya giram 60 ne, giram 28 daga ciki naitirojin ne, kashi 46 cikin ɗari ke nan da 'yan kai. Haka nan dattijuwar da aka ɗebi jininta a asibiti da sassafe aka ce, "Hajiya, sukarinki 5 ne, lafiya lau." An kasa mol gida dubu, an sami kaso 5 a kowace litar jininta.