Kacici-kacici Ya Cancanci Gurbi a Cikin Aji

Idan malami ya ce wa 'yan aji uku "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", har mai gyangyaɗi a bencin baya sai ya ɗago kai. Kafin yaro ya kai ga tsintsiya, dole ya laluba duk wani abu mai yawa da ya taɓa gani a ɗaure wuri guda, ya gwada wannan ya ajiye, ya ɗauko wancan. Ko wanda ya ce damin gero bai yi shirme ba, ya kama hanya. Wannan lura da kwatantawa da tacewa su ake buƙata a lissafi da kimiyya, kuma karatun "ku maimaita bayana" ba ya koyar da su.

Wasu iyaye za su ce ai wasan dare ne, ba shi suka tura yaro makaranta ya koyo ba. Sai dai a Sahihul Bukhari, cikin littafin ilimi, an ruwaito Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, mai kama da Musulmi. Hankalin mutane ya tafi kan itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma ya ji nauyin manya ya yi shiru. Hanyar da aka koyar da sahabbai da ita ta wuce a raina ta.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce kacici-kacici ma yana komawa hadda: kowa ya san "baba na ɗaka, gemu na waje" wuta ce da hayaƙinta. Gaskiya ne, kuma a nan ake gane malamin ƙwarai. Ba zai karɓi amsa ba sai yaro ya faɗi dalili. Sannan bayan darasi zai sa su ƙirƙiro nasu. Yarinyar da ta ce "da ƙafa nake sha, a rana nake girki" tana nufin shuka, ta fahimci aikin saiwa da na ganye fiye da wadda ta kwafe allo tsaf. Abin ba ya cin kuɗi, yana kuma yiwuwa a ajin da ya cika maƙil. Malamai, ku ware masa minti biyar a ƙarshen darasi, ku kuma fara kiran yaran da ba su cika ɗaga hannu ba.