Lakar Gulbin Maraɗi: dukiya ce, amma tana da hali

A damanar 1945 ruwan Gulbi ya ci tsohon birnin Maraɗi. Gidajen tubali da ke cikin kwari suka narke, gari ya tashi ya koma bisa tudu, inda yake har yau. Lakar da ta gina birnin, ita ce ta kasa tsaya wa ruwa.

Daga ina wannan laka take fitowa? Gulbi yana tasowa daga ƙasar duwatsu ta arewacin Nijeriya, ya biyo ta Jibiya, ya ratsa Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri. Cikin waɗannan duwatsu akwai wani ma'adini da masana ke kira feldisfat. Ruwa yana cin sa sannu a hankali, shekaru dubbai, har ya zama laka: haɗin silis da alminiyom da ruwa, shimfiɗe falle bisa falle, siraran da ido ba ya gani. Rairayi kan zauna bisa jigawa, laka kuwa ta kwanta cikin fadama.

Laka ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai shan ruwa tsakanin fallayenta: da damana ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare. Manomi na son ta domin tana riƙe danshi da taki. A bisa ƙasar kwarin ne aka shimfiɗa aikin noman rani na Jiratawa tun farkon shekarun 1980. Magini kuwa tsoron ta yake yi, don tana tsaga bango, ko na siminti ne. Shi ya sa ake cakuɗa ta da rairayi da ciyawa kafin a yi tubali.

Akwai kuma fara, mai taushi, wadda ba ta kumbura. Sunanta kawolin, daga wani tudu na ƙasar Sin mai suna Gawolin. Da ita ake yin tangaran, ana sa ta cikin takarda da fenti. Ana haƙar ta a Ƙanƙara, jihar Katsina.

Saboda haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai zuba tanadinsa cikin fili kusa da fadama, ya je ya duba wurin da rani. In ya tarar ƙasa ta dare har yatsa na shiga, ya zurfafa tushen gini, ko ya nemi tudu.