Kogin Jinzu: Yadda Guba Ta Bi Ruwa Ta Shiga Ƙasusuwan Manoma

A lardin Toyama na ƙasar Japan akwai wani kogi da ake kira Jinzu, wanda manoman shinkafa suka dogara da shi tun kaka da kakanni, su sha, su yi girki, su kuma shayar da gonakinsu. Can sama a cikin duwatsu, a wani wuri mai suna Kamioka, a da kamfanin Mitsui ya kasance yana haƙar dalma da tutiya, ruwan dattin da ke fitowa daga wurin haƙar kuwa a lokacin yana gangarawa cikin kogin.

Tun wajejen shekarun 1910 manoma suka fara lura cewa shinkafarsu ba ta yin kyau, kifaye kuma suna mutuwa. Daga baya sai wata irin cuta ta ɓulla, wadda ta fi kama mata masu manyan shekaru da suka yi haihuwa da yawa. Ciwon yakan fara daga ƙugu da ƙafafu, ƙasusuwa su yi laushi har ta kai tari kaɗai yakan karya wa mutum haƙarƙari. Saboda kukan da majiyyatan ke yi ne aka laƙaba wa cutar suna itai-itai, wato "da ciwo, da ciwo" a harshen Japananci.

Wani likitan yankin, Dokta Noboru Hagino, ya daɗe yana bin diddigin al'amarin, har a shekarar 1961 ya bayyana cewa wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam, wanda ake samu tare da tutiya a ƙarƙashin ƙasa, shi ne sanadin cutar. A watan Mayu na 1968 Ma'aikatar Lafiya ta Japan ta amince da haka. Mutanen da abin ya shafa sun kai kamfanin ƙara, suka yi nasara a 1971, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 1972. Kimanin mutum 200 ne hukuma ta tabbatar sun kamu da cutar.

Abin da ya sa irin wannan guba ta fi sauran ƙazantar ruwa haɗari shi ne ba ta ruɓewa. Kadmiyam da dalma da zaiba sukan kwanta a cikin laka a gindin kogi, ƙananan halittun ruwa su ci, kifi ya ci su, mutum kuma ya ci kifin. Idan aka yi ban-ruwa, gubar takan zauna a ƙasar gona, saiwar shinkafa ta zuƙe ta zuwa cikin ƙwaya. A jikin ɗan Adam kadmiyam yakan taru a ƙoda, ya yi shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita, kuma lalacewar ƙodar ce ke sa ƙashi ya rasa sinadaran da ke ƙarfafa shi. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da waɗannan ƙarafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kadmiyam a ruwan sha kada ya wuce miligiram 0.003 a kowace lita.

Gyaran ɓarnar ya ɗauki lokaci mai tsawo. Daga 1979 zuwa 2012 aka yi ta aikin sake ƙasar gonaki hekta 863, ana binne gurɓatacciyar ƙasa ana zuba sabuwa a kanta, aikin da ya ci kuɗi fiye da yen biliyan 40.

Wannan labari yana da darasi ga mutanen Kano, inda masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai ke amfani da wani ƙarfen, kuromiyam, wajen jeme fata, ruwan dattin masana'antu kuma yana shiga kogin Challawa da rafin Jakara, waɗanda masu noman rani ke shayar da latas da alayyafo da su. Ya wajaba hukumomin kula da muhalli su riƙa auna ruwan waɗannan koguna da ƙasar lambuna a kai a kai, su sanar da jama'a sakamakon, su kuma tilasta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma mutanen Toyama sun yi shekara 33 suna biyan kuɗin rashinsa.