RAI ARON ALLAH NE: ABIN DA KIRISTA YA GASKATA DA YADDA YAKE AIKI DA SHI

Duk wanda ya yi zaman maƙwabtaka da Kiristocin ƙasar nan, ya san irin sunayen da sukan raɗa wa 'ya'yansu, watau su Kyauta, da Godiya, da Alheri. Ba don daɗin faɗi kaɗai ake zaɓensu ba, domin kuwa kowannensu shaida ce ta abin da iyayen suka gaskata, cewa ba su ne suka ba jaririn rai ba, karɓa suka yi daga hannun Mahalicci.

Tushen wannan bangaskiya yana cikin Littafin Farawa, na fari cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fitar da cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932. A sura ta 2 an bayyana cewa da ƙasa aka gina jikin mutum, bai kuwa motsa ba sai da numfashin Allah ya shige shi. Haka nan Manzo Bulus, sa'ad da ya yi wa mutanen Atina wa'azi, ya nuna musu cewa Allah ba ya bukatar kome daga wurin ɗan Adam, tun da Shi ne mai ba kowa rai. Sa'an nan Kiristoci sun gaskata cewa ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa ne ake samun rai madawwami.

To, ina amfanin wannan a zaman yau da kullum? Na farko dai, wanda ya san aro yake riƙe da shi, ba ya girman kai. Shi ya sa magidanci kan yi addu'a kafin a sa hannu a akushi, da kaka kuma manoma su kai dawa da doya da kaji majami'a domin bikin godiya. A ranar Larabar Toka, Katolika da Angilika kan shafa toka a goshi, don mai kuɗi da matalauci su tuna cewa ƙasa ce makomar jikinsu duka.

Na biyu, shi ne mafi nauyi. In dai numfashi ɗaya ne a jikin kowa, ashe ran sarki bai fi na kuturu daraja ba. Wannan tunani ne ya sa Mary Slessor, wadda ta sauka Kalaba a 1876, ta riƙa ceton tagwayen da ake yasarwa saboda camfi, tana renonsu a gidanta. Shi ne kuma ya sa 'yan mishan suka buɗe mazaunin kutare a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, a 1929, a zamanin da babu tabbataccen maganin cutar, alhali dangi ma gudun mai ita suke yi. Daga baya aka kafa asibitin ido a Kano a 1943, da asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950, da makarantar makafi a Gindiri a 1953.

Aikin bai tsaya ga Turawa ba. Marigayi Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, bayan duk muƙaman da ya riƙe ya komo Zariya ya ci gaba da duba marasa lafiya, yana kuma hidimar ikilisiya.

Amma fa, mai karatu, ma'aunin da ya ɗaukaka waɗannan mutane shi ne zai tuhumi wasu. Direban da ya yi lodi fiye da kima ya fizgi mota, da mai sayar da jabun magani, da wanda ya ɗauki makami don ramuwar gayya, ko da ba su fashin zuwa sujada ranar Lahadi, sun ƙaryata da hannunsu abin da suke furtawa da baki. Dokar nan da ta hana kisankai ba ta ware ƙabila ko addinin wanda za a kashe ba.

A wannan zamani da ran mutum yake neman ya yi arha, abin da ake jira daga mai wannan bangaskiya shi ne ya riƙe ran maƙwabcinsa kamar yadda ake riƙon amana, domin kuwa Mai kayan zai tambaya.