Hutun ɗari a tsaunukan Faransa: kafin gudu, a koyi tsayawa

Kowace shekara, in watan Fabrairu ya kama, hanyoyin da ke hawa tsaunukan Alpes na ƙasar Faransa sukan cika maƙil da motoci. Lokacin hutun ƴan lakkwal ke nan, wanda gwamnati ta kasa kashi uku domin kada jama'a su tashi rana ɗaya. Iyalai kan kama hayar gidan katako da ake kira "shale", galibi daga Asabar zuwa Asabar, domin wasan zamiya bisa dusar ƙanƙara, watau "siki".

Wannan al'ada ba daga sama ta faɗo ba. A garin Chamonix aka yi wasannin Olimpik na hunturu na farko cikin shekara ta 1924. A 1937, Émile Allais ya zama zakaran duniya a wannan gari, kuma salon zamiyarsa ya zama tushen koyarwar Faransawa. A 1946 aka soma gina Courchevel musamman domin wasan. A 1953 aka kai wani aji na yaran Vanves, kusa da Paris, zuwa La Féclaz, inda suka haɗa karatu da zamiya. Daga nan sauran makarantu suka bi sahu.

Duk wanda ya zo, yaro ko babba, abin da malami zai fara koya masa shi ne tsayawa. Mai koyo yana ɗaure da dogayen katakai biyu a ƙafa, sai ya kusanto da kawunansu, ya ware gindinsu kamar harafin A, ya ɗan karkata gefensu na ciki cikin ƙanƙara. Faransawa na kiran wannan "chasse-neige". Gwargwadon warewa, gwargwadon raguwar gudu. In yana son juyawa hagu, sai ya ɗora nauyinsa bisa ƙafar dama. In dama yake so, bisa ta hagu. Abin da ya fi wuya shi ne tsoro, domin mai ganin gangare yakan ja jikinsa baya, alhali nan faɗuwa take. Tilas ya lanƙwasa gwiwa, ya jingina ƙwaurinsa da gaban takalmi, hannuwa na gaba. Sai ya ƙware ne zai riƙa juyawa da katakan a jere.

An raba hanyoyin gangarowa da launi huɗu: kore ga sabon shiga, sannan shuɗi, ja, da baƙi ga gwanaye. Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya tsallake mataki yakan ƙare wurin likita, sau da yawa da ciwon gwiwa. Ko gwani bai tsira ba: ranar 29 ga Disamba 2013, zakaran tseren mota Michael Schumacher ya bugi dutse a Méribel, ya yi mummunan rauni a kai duk da hular kwanon da ya sa.

Hutun kuma ba na kowa ba ne. Ga hayar gida, ga ta takalma da katakai, ga kuɗin kujerun da waya ke ja zuwa ƙololuwa, ga ladan malami. Shi ya sa mafi yawan Faransawa ba su zuwa.

Babbar damuwa a yau ita ce ɗumamar yanayi. Dusar na raguwa a wuraren da ba su da tsawo sosai, har ana harba ta da injuna, waɗanda ke shan ruwa da lantarki, kuma ba su aiki sai da sanyi. A 2023 aka rufe filin zamiya na La Sambuy, kusa da Annecy. A Fabrairun 2024, kotun da ke binciken kuɗaɗen gwamnati ta yi gargaɗi cewa tsarin ya fara gajiya. Tsaunukan Alpes na Faransa za su karɓi wasannin Olimpik na 2030, amma ƙananan ƙauyuka, inda iyalai masu ƙaramin ƙarfi ke koya wa ƴaƴansu, su ne ke fara rasa dusar, tare da abincin mazaunansu.