Lasisin Manhaja: Abin Da Ya Kamata Masu Ƙananan Cibiyoyin Koyar Da Rumbun Bayanai Su Sani

Ɗan kasuwar da ya ƙudiri aniyar buɗe ƙaramar cibiyar koyar da sarrafa rumbun adana bayanai yakan fara lissafinsa ne da kuɗin haya, da janareto, da kwamfutocin ɗalibai. Abin da ba kasafai ake sa shi cikin lissafin ba shi ne lasisin manhajar da za a koyar, alhali kuwa sakaci da shi na iya durƙusar da cibiyar tun ba ta mai da jarinta ba.

Dalili kuwa shi ne, wanda ya biya kuɗin manhaja bai mallake ta ba, izinin amfani da ita kawai aka ba shi bisa wasu sharuɗɗa. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 1988 ta sanya manhajojin kwamfuta cikin ayyukan rubutu da doka ke karewa, kuma sabuwar dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ci gaba da ba su wannan kariya. Saboda haka, cibiyar da ta sayi faifan jabu a kasuwa ta ɗora wa kwamfutoci ashirin, ta ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa da kamfanin da ke da manhajar damar gurfanar da ita.

Sayen cikakken lasisi kuma ba ƙaramin aiki ba ne. A jerin farashin kamfanin Oracle na 2023, babban nau'in manhajarsa ya kai Dalar Amurka 47,500 kan kowace ƙwaƙwalwar na'ura, ban da kashi 22 cikin ɗari da ake biya duk shekara don gyara da sabuntawa. Daɗin daɗawa, Dalar da ake canzarwa a kan kimanin Naira 460 kafin watan Yuni na 2023, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024.

Wannan tsada ce ke sa masu cibiyoyi komawa ga nau'o'in da ake saukewa kyauta daga intanet, kuma a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Lasisin da Oracle ke bai wa masu ƙirƙirar manhaja kyauta ya hana amfani da ita wajen horar da wasu, sai da izinin kamfanin. Haka nan nau'in Developer na SQL Server, wanda Microsoft ya mayar kyauta a 2016, an keɓe shi ne ga ƙirƙira da gwaji, ba a yarda a gudanar da harkar kasuwanci a kansa ba. Ke nan cibiyar da ta adana rajistar ɗalibanta da lissafin kuɗin makaranta a kansa ta keta sharaɗi, ko da ba ta sani ba.

Sai dai akwai mafita. Manhajar PostgreSQL, wadda ta samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, lasisinta ya yarda kowa ya yi amfani da ita don kowace irin manufa ba tare da biyan ko kwabo ba. Haka ma MariaDB, wadda Michael Widenius ya kafa a 2009, ana iya ɗora ta a kwamfutocin aji komai yawansu. Da yake harshen SQL, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a Amurka a 1986, shi ne ginshiƙin dukkan waɗannan manhajoji, ɗalibin da ya ƙware a ɗaya ba zai sha wahalar komawa wata ba.

Cibiyar da abokan hulɗarta, kamar bankuna, suka nace sai darasin Oracle ko na Microsoft, ya kamata ta nemi izini a rubuce daga kamfanin ko wakilinsa kafin ta buga talla, sannan ta raba kuɗin lasisin a kan abin da kowane ɗalibi zai biya. Har ila yau, wajibi ne ta ajiye rasiɗai da kwafin sharuɗɗan kowace manhaja, domin su ne hujjarta ranar da aka zo bincike.